TSARON GIDAN MATAFIYI, DAGA ZAMANIN GANUWA ZUWA YAU

 

Kowace shekara in an gama girbi an sa hatsi rumbu, sai samari da magidanta su fara ɗaurin kaya. Haka kuma in aka tashi hutun lakwal, ko Sallar Layya ta gabato, ma'aikatanmu da ƴan kasuwarmu na birni sukan kulle gida su taho ganin dangi. Mai fita daga ƙauye da mai fita daga birni duka abu ɗaya suke bari a baya, wato ɗaki rufe da kwaɗo wanda babu mai kwana ciki. Da wuya a yi taron ƙungiya a tashi ba a ji kukan wani ɗan uwa ba, cewa ya dawo ya tarar an ɓalle ƙyaure an kwashe abin da ya yi shekaru yana tarawa. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwaya baya, mu duba yadda kakanninmu suka riƙa barin gida, su da tafiyarsu ta fi tamu nisa da daɗewa, kana mu ga abin da ya canza har ɓarawo ya sami hanya. Abin da tarihin ya nuna mana a taƙaice shi ne, mutum ke tsare gida.

ZAMANIN GANUWA DA KAFI

Bayan da aka fara jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1804, birnin Katsina ya faɗi wajen 1807, Alkalawa ta Gobir kuma ta faɗi a 1808. Sarakunan Katsina na dā suka yo arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Gobirawa su ma suka kafa Tsibiri wajen 1836, nan kusa. Daga nan aka shiga shekaru masu yawa na kai hari da ramuwar hari tsakanin waɗannan garuruwa da ƙasashen da ke bin Sakkwato, kuma sunan Ɗan Baskore, wanda ya yi sarautar Maraɗi har wajen 1875, bai ɓace a bakin dattijai ba. A gabas kuwa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye birninsa da ganuwa, har yau ana ganin sauranta a unguwar Birni.

A wancan zamani mutane ba su yin nisa da juna. Mutanen Maraɗi cikin kwarin gulbi suka taru, inda itace ya yi duhu, doki ba ya sukuwa. Ƙauyen da ba shi da ƙarfin gina ganuwa sai ya yi kafi na itace, a haɗa da ƙaya, a bar ƙofa ɗaya ko biyu. In rana ta faɗi a kora bisashe ciki a rufe. Baƙo ba ya kwana gari sai an san mai masaukinsa, kuma mai masauki shi ke ɗaukar laifin baƙonsa in wani abu ya ɓace. Wanda bai da mai masauki sai a kai shi zauren mai gari.

Abin tsoro a lokacin shi ne mahara masu kama mutane da shanu. Ɓarawon ɗaki kuwa bai da wurin sakewa, domin gidan kansa cike yake. Tsoho da ƙannensa da ƴaƴansu maza da matansu duka danga ɗaya ta kewaye su, gandu ɗaya suke noma, ƙofar shiga ɗaya ce, ta zaure, kuma zauren ba ya rabuwa da mutum. Da rana tsoho na nan yana tufka igiya ko saƙar zana, da dare samari ko almajirai su kwana ciki. Yawancin ɗakunan ƙauye tufaniya ko asabari ke bakinsu. Ƙyauren katako mai kuba sai gidan sarauta da na attajirai. In magidanci ɗaya ya yi tafiya, hayaƙi bai daina tashi a gidan ba, turmi bai daina ƙara ba, wanda ke waje ma ba zai gane an ragu ba.

Har rumbuna, a garuruwa da yawa bayan gari ake jera su saboda tsoron gobara, babu mai gadi. Abin da ke tsare su kunya ce da tsoro. Wanda aka kama ya buɗe rumbun wani, shi da zuriyarsa sun sha abin faɗa, neman aure ma sai ya gagare su a garin. Ga masu bin sawu, waɗanda za su dubi rairayi da safe su bi ƙafar mutum har inda ta shiga. Dattijai na cewa in sawu ya shiga wani gari, wajibi ne mutanen garin su nuna inda ya fita, in ba haka ba magana ta hau kansu. Ga kuma rantsuwa: Musulmi ya dafa Alƙur'ani gaban alƙali, Arne ya rantse da kwarankwatsa, kuma kowannensu ya yarda abin zai ci shi in ya yi ƙarya.

FATAKE DA MAHAJJATA

Kada wani ya zaci mutanen dā ba su tafiya. Fatake sun riƙa zuwa Gwanja sayen goro, su kora jakuna ƙarƙashin madugu har kasuwar Salaga, wadda ke cikin ƙasar Gana ta yau, zuwa da dawowa ya ci watanni da yawa, wani lokaci shekara. Ayarin Abzinawa na sauko da gishirin Bilma ta Damargu da Damagaram zuwa Kano. Mahajjata kuwa da ƙafa suke tafiya gabas, ta Barno da Wadai da Darfur, har bakin Bahar Maliya, suna tafe suna tsayawa noma ko ƙwadago don neman guzuri. Wani ya yi shekara uku, wani bakwai, wani bai dawo ba sam. Garin Mai Wurno na Sudan, wanda mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa, shaida ne na yawan mutanenmu da suka zauna a wannan hanya.

Mutumin da zai yi irin wannan tafiya ba ya sulalewa da dare. Sai ya biya bashin da ake bin sa, ya bi gida gida ya nemi gafara. Sai ya kira ɗan uwansa gaban liman da mai gari ya ce ga gonata, ga rumbuna da dami kaza a ciki, ga awakina, ga iyalina, na bar maka amana. Abin da ya fi daraja, kamar tufafin ado ko takobi ko azurfar mata, ba a barin sa ɗakin da ba kowa, sai a sa cikin adudu a kai ɗakin tsohuwa, ko gidan malam. Wuri kuwa, wato kuɗin wancan zamani, a zuba a tukunya a binne, a gaya wa mutum ɗaya tak inda yake.

Wannan tsari yana da tushe cikin addini. Malamai sun karantar da mu cewa lokacin hijira, a shekara ta 622, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar Sayyidina Aliyu a Makka don ya mayar wa mutane da kayan da suka ba shi ajiya. Littafin Risala, wanda kowane almajirin ilimi na ƙasarmu ya sani, ya yi bayanin hukuncin ajiya. Wanda aka ba ajiya, in ta salwanta ba da sakacinsa ba, babu biya a kansa. In kuma gaban shaidu ya karɓa, to gaban shaidu zai mayar. Haka nan hukuncin sata mai tsanani ba ya hawa kan mutum sai in ya fitar da kaya daga ma'ajiyarsu, abin da ke nuna cewa shari'a ta ɗora wa mai kaya nauyin adana kayansa. Har matar wanda ya ɓace ba a ji ɗuriyarsa ba an yanka mata wa'adi, shekara huɗu daga ranar da ta kai magana gaban alƙali. Ashe malaman dā sun san tafiya na iya daɗewa, sun kuma shirya wa abin da matafiyi ya bari.

ZUWAN NASARA DA CIN RANI

Faransawa sun shigo ƙasar nan da wuta. A 1899 rundunar Bule da Shanwan ta ƙone garuruwa tun daga yamma, ta yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, ta yi ɓarna a Birnin Ƙonni, kafin sojojinsu su kashe su biyun a ƙasar Tasawa. A wannan shekara ce aka ci Damagaram, wadda ta zama babban birnin mulki har 1926 da aka mai da shi Yamai. Da hare-hare suka ƙare, ganuwa da kafi suka rasa amfani. Mutane suka fito daga kwari suka hau jigawa suna saran daji, kowane mai ƙarfi ya kafa nasa gari. Yawancin garuruwanmu masu suna Gidan wane ko Garin wane daga wannan lokaci suka samo asali. Birnin Maraɗi kansa sai bayan ambaliyar 1945 ya bar kwari ya hau tudu.

Nasara ya zo da lanho, kuma ya ce da kuɗinsa za a biya, wuri ya daina amfani. Wanda ya binne tukunyar wuri ya tashi da tarin ƙwarya marar daraja. Ga aikin tilas da ɗiban soja, waɗanda suka sa wasu garuruwa suka riƙa tsallakawa ƙasar Ingilishi. Aikin tilas bai ƙare ba sai a 1946. A ɗaya gefen kuma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, birane suka buɗe. Nan ne cin rani ya zama al'adar kowace shekara. Mutanen Maraɗi da Damagaram suka nufi Kano da Katsina da Ikko, mutanen Adar da na yamma suka nufi Kumasi da Akra, daga baya Abijan.

Ya kamata matasa su gane ma'anar kalmar. Cin rani a asalinsa dabara ce ta tsaron rumbu. In aka gama girbi, mai gida ya rufe babban rumbun gandu, ba a buɗe shi sai ruwa ya sauka an shiga noma. Samari su fita su ci ranin a wani wuri, bakin da ke cin hatsi ya ragu, su dawo da kuɗin lanho da tufafi kafin shuka. Ba a taɓa kwashewa gaba ɗaya ba. In ƴan uwa uku ne, biyu su tafi ɗaya ya zauna, baɗi a juya. Wanda ya zauna shi ke gyaran danga da jinka, shi ke shayar da bisashe, kuma yana da rabo cikin abin da matafiya suka kawo. Ba a ɗauke shi rago ba, domin kowa ya san zamansa ne ya ba sauran damar tafiya.

Yunwa kaɗai ke karya wannan tsari. A Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 gidaje sun watse, wanda bai taɓa ɗaukar kayan wani ba ya buɗe rumbun da ba nasa ba. Bayan yunwar 1931, wadda fara ta haddasa, kumandan ya tilasta wa garuruwa ajiye hatsi cikin rumbunan tsimi, waɗanda ba a buɗewa sai da izini. Talakawa ba su so abin ba, don an yi shi da bulala, wani wurin kuma hatsin ya lalace ko ya bi ta hannun masu iko. Amma tunanin ajiye abin jama'a wuri ɗaya ƙarƙashin idon mutane da yawa bai mutu ba, ya sake dawowa a rumbunan tsimi na ƙauyuka bayan farin shekarun 1970 da 1980.

SHEKARUN KORA DA FARI

Bayan samun mulkin kai a 1960 tafiya ta ƙara nisa, wasu suka daina dawowa noma, suka kwashi iyali suka zauna can. Sai ga abin da ba a zata ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasar. Mutanenmu da suka yi shekara ashirin a zango suka dawo da abin da kai zai iya ɗauka. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan kora a Najeriya, aka sake yi a 1985. Rikicin Kodibuwa na 2002 da yaƙin Libiya na 2011 su ma sun koro dubban ƴan Nijar gida. A kowace kora an ga mutum iri biyu. Wanda ya bar gidansa da gonarsa hannun ɗan uwa, yana aike yana gaisuwa, ya dawo ya tarar da inuwa. Wanda ya yanke zumunta ya dawo ya tarar ɗaki ya faɗi, gona ta shiga hannun wani, shaidun da suka san iyaka sun mutu.

Farin 1973 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya kori mutane zuwa birane, shi ne ma ɗaya daga cikin dalilan da suka kawo Seyni Kunce mulki ranar 15 ga Afrilu 1974. Daga wannan lokaci aka saba ganin makiyayan da suka rasa dukiya suna gadi a ƙofar gidajen birni, aikin gadi ya zama sana'a ta albashi. Kunce ya farfaɗo da samariya, tsohuwar ƙungiyar matasa mai sarkin samari da gayya, kuma inda ta yi ƙarfi tsohuwar da ɗanta ya tafi ba ta rasa mai ɗaura mata danga ba.

A 1984 abu biyu suka haɗu. Damina ta ƙi, kuma a watan Afrilu gwamnatin Buhari ta rufe iyaka ta canza launin naira, ta ba da ƴan kwanaki kaɗan a yi canji. Iyakar ba ta buɗe ba sai 1986, har mutane suka laƙaba wa yunwar sunansa. Ƴan ci-rani da ƴan kasuwa da yawa da suka ɓoye naira cikin ɗaki a wannan gefen suka wayi gari da takardun banza. Shekara goma bayan haka, a Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi. Tun daga tukunyar wuri har zuwa nan darasin ɗaya ne: kuɗin da aka binne cikin ɗaki yana da ɓarayi da yawa, wasunsu ba su ɓalle ƙofa.

A shekarun 1980 zuwa 1990, da sata ta yawaita kuma jami'an tsaro ba su isa ko'ina ba, unguwanni da kasuwanni suka fara ɗaukar ƴan banga, kowane gida ya ba da abin da aka yanka, su kwana suna zagaye da sanda da fitila da usur. Sun rage sata a wurare da yawa, ko da yake wani wurin sun wuce gona da iri wajen duka. A biranen kamar Damagaram da Yamai kuma samari suka kafa fada a bakin titi, suna shan shayi har tsakar dare. Duk abin da za a ce game da zaman fada, layin da ke da ita ɓarawo ba ya son bi ta nan.

GIDAN SIMINTI DA BABBAN KWAƊO

To, mu zo ga namu zamani. Gandu ya rabu, kowa da gonarsa da tukunyarsa. Wanda Allah ya buɗa wa a waje, abin da yake fara yi shi ne ya sayi fili a bakin gari, nesa da hayaniyar gidan gado, ya gina ɗakin siminti da rufin kwano da ƙofar ƙarfe. Ya zuba katifa da talabijin da batir da faifan sola, wani har da babur da buhunan hatsi da wake. Sai ya sa kwaɗo mai nauyi, ya jefa mabuɗi aljihu, ya hau mota. Ba ya son ba ɗan uwa mabuɗi don kada a taɓa masa kaya. Wata shida babu sawu a ƙofar, ciyawa ta fito, iska ta tara yayi a bakin ƙyaure. Duk mai wucewa ya karanta, kamar an rubuta masa a allo, cewa akwai kaya ciki kuma babu kowa. Kwaɗon da ya fi kowane girma guntun ƙarfe ɗaya ke ɓalle shi, kuma mai ɓallewa yana da dare sukutum, babu mai jin ƙara.

Na birni ma haka ne. Ma'aikaci ya yi shekara biyar a gidan haya a Yamai bai san sunan maƙwabcinsa ba. Ranar tafiya hutu a tsayar da mota ƙofar gida da rana tsaka, a yi ta ɗora kaya kowa na gani. Tun da salula ta shigo a farkon shekarun 2000 labari ya daina jiran mai kawowa, yanzu kuma yara na sa hoton tasha da na rago a Facebook da WhatsApp, suna faɗin ranar tafiya da ranar dawowa. Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari. Sau da yawa wanda ya fasa ɗaki ba daga nesa ya zo ba, ko kuwa wani na kusa ne ya ba shi labari, da gangan ko cikin hira.

Ba mu manta da ƴan uwanmu na bakin iyaka ba, wajen Madarunfa da Gidan Runji, inda ƴan bindiga suka addabi mutane da satar shanu da kama mutane, har a 2019 dubban ƴan gudun hijira suka shigo jihar Maraɗi daga Zamfara da Sakkwato da Katsina. Wannan masifa ta fi ƙarfin maƙwabci da kwaɗo, aikin hukuma ne, Allah ya kawo ƙarshenta. Maganarmu a nan kan ɓarawon ɗaki ce, wanda maganinsa ke hannunmu.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA DAGA NA DĀ

Ba za mu koma cikin kafi ba, kuma gandu ba zai sake haɗuwa kamar dā ba. Amma abin da ya sa tsarin kakanni ya yi aiki yana nan, ba ya buƙatar kuɗi mai yawa.

Na farko, kada a bar gida babu mai kwana. Ƙane ko ɗan ɗan uwa, ko mushen lakwal da aka turo gari bai da masauki, ko wani mai iyali da aka yarda da halinsa, a ba shi ɗaki ɗaya. Mai kwana a gida ba ɓarawo kaɗai yake kora ba. Shi zai ga gara ta kama azara, shi zai ga indararo ya toshe kafin ruwa ya ci bango. Gidajen da damina ta kayar don babu mai duba su sun isa abin kuka su ma.

Na biyu, a ba da amana gaban shaidu biyu, a ƙirga kaya a rubuta, da boko ko da ajami, kowa ya riƙe takarda ɗaya. Wannan ba rashin yarda ba ne, kariya ce ga wanda aka ba amanar, don kada gobe a ce abu goma aka bari alhali takwas ne. Mabuɗi ya zauna hannun mutum ɗaya sananne.

Na uku, abin da ya fi daraja a fitar da shi daga gidan da ba kowa. Hatsi da babur da faifan sola a kai gidan gado inda ake kwana ana tashi. Dabbobi a ba da kiwo bisa sharaɗin da aka faɗa a fili. Kuɗi a sa inda ake ajiyar kuɗi, ko a mai da su tunkiya ko hatsi. Takardar fili da ta haihuwa da ta aiki a ɗauki hotonsu, a ajiye na ainihi wurin da ruwa da gara ba su kai.

Na huɗu, a yi sallama da waɗanda ya kamata, a yi shiru ga sauran. Mai gari ko mai unguwa, liman, da maƙwabta na dama da hagu su san ka tafi, su san wa ka bari, su riƙe lambarka. Kuɗin ƴan banga ko na mai gadi a biya kafin a tashi. A ja kunnen yara kan sa hotuna sai an dawo. Na birni ya ɗora kayansa ba tare da shela ba, ya rufe ruwa da tukunyar gas, ya roƙi maƙwabci ya riƙa share ƙofa yana kunna fitila da dare.

Na biyar, wanda ya tafi ya san haƙƙin wanda ya zauna. A kira shi a gaishe shi, ba sai ranar da ake son labarin kaya ba. A aiko masa da abin sabulu, a riƙo masa tsaraba. Mutumin da ya yi wata shida yana kwana a gidanka, ka dawo ka fara ƙirga cokula kafin ka tambayi lafiyarsa, baɗi ba zai karɓi mabuɗinka ba, kuma da gaskiyarsa.

In kuma ƙaddara ta faɗa aka yi satar, a kai magana ga mai gari da jandarma. Kada a tara jama'a a kashe mutum da duka, don an sha dukan wanda bai ji ba bai gani ba. Kada kuma a je wurin mai duba ya nuna ɗan uwa da yatsa babu shaida. Kayan da aka sace ana iya mai da irinsu cikin shekara ɗaya ko biyu, amma gidaje nawa muka sani da suka daina gaisawa har jikoki saboda zargin da ba a tabbatar ba?

Daga ƙarshe muna kawo shawara gaban taron ƙungiya mai zuwa. A zaɓi dattijai biyu a gida, da mutum biyu a kowane reshe na birni, waɗanda duk mai tafiya zai sanar da su gidan da ya bari da wanda ya bar wa. Su riƙa leƙawa ko sau ɗaya a mako, kuma sunayen su tsaya wurinsu, kada su zama abin hira a kasuwa. A ware wani abu kaɗan daga kuɗin wata don batirin fitila da goron masu zagaye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyayenmu dattijai da suka ga zamanin da ake ba da amana gaban liman, muna roƙonsu su zo taron su faɗa wa matasa yadda ake yi, tun suna da rai.

Allah ya kai matafiya lafiya ya dawo da su lafiya, ya tsare abin da suka bari, ya ba masu riƙon amana ladan riƙonsu. Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.